Kilomita 188 A Kan Sirdi: Keken Da Muka Raina

Ranar da na shaida wa Inna ta waya cewa na sayi keke, shiru ta yi na ɗan lokaci. Can sai ta ce, "Ɗana, lafiya dai ko? Aikin ne ya lalace?" Na ce mata aiki na nan lafiya lau. Ta ce, "To mutum ya baro Maradi ya kai har Faransa, sannan ya koma wa keke? Kada ka bari 'yan uwan babanka su ji." Da gaske take, kuma ban ga laifinta ba. Abin da ta gani a idon jama'a shi ta faɗa. A ƙasar Hausa ta yau, magidanci a kan keke alama ce ta karayar arziki. Wannan tunani nake so mu zauna mu duba, domin na hau keke na yini guda cur a tsakiyar duwatsu, na sauko da yaƙinin cewa mun yar da dukiya muna zaton tsumma muka yar.

A Saint-Denis nake zaune, arewa da birnin Paris, garin da ke da babban filin wasa na Stade de France inda Faransa ta ɗauki kofin duniya a 1998, da tsohuwar majami'ar da aka binne mafi yawan sarakunan ƙasar. Gari ne na baƙi da 'yan ƙwadago. A kasuwarsa za ka ji Larabci da Bambaranci da Wolof, wani lokacin har da Hausa. Larurar zuwa aiki ce ta fara ɗora ni a kan keke. Akwai mashigin ruwa da aka haƙa daga unguwar La Villette zuwa kogin Seine, tsawonsa ya ɗan haura kilomita 6, an yi wa masu keke hanya a gefensa. Nan nake bi safe da yamma, tare da samarinmu 'yan Afirka ta Yamma masu kai abinci gida-gida da manyan jakunkuna a baya. Daga zuwa aiki na koma zagaye filin sukuwar dawaki na Longchamp a ƙarshen mako, inda masu keke ke yin gayya, sannan na fara fita kwarin Chevreuse a kudancin Paris don koyon hawan tudu. Iyo kuwa, da gemuna na koye shi a wurin ninƙaya na gwamnatin gari, domin Gulbin Maradi ba ya riƙe ruwa sai da damina, iyayenmu kuma ba sa bari a kusance shi.

Wani abokin aiki ne ya fara yi mini zancen tiriyatulon, wato gasar da ake haɗa iyo da tseren keke da gudu a jere, ba hutu a tsakani. A wasannin Olamfik, inda ta shiga tun daga na Sidni a 2000, iyon kilomita 1.5 ne, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Mai dogon zango kuwa a tsibiran Hawayi na Amurka aka fara ta a watan Fabrairun 1978, mutum 15 suka tashi: iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180, a rufe da gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42. Faransawa sun rungumi wannan wasa da wuri. A garinsu na Avignon aka kafa hukumar tiriyatulon ta duniya a 1989. Kuma suna da wata gasa tasu da ake ji da ita, a garin Embrun da ke cikin duwatsun Alp, wadda ake yi kowace ranar 15 ga Agusta. Tun 1984 aka fara ta, kuma a yau kekenta kilomita 188 ne. Ga wanda ya san hanyoyinmu, wannan ya ɗara tazarar Kano zuwa Katsina, sai dai a maimakon shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, hawa ne da gangara daga farko har ƙarshe. Ita na sa a gaba, na yi shekara biyu ina shiri.

Jirgin ƙasa mai gudu na shiga daga Paris zuwa Lyon, tafiyar awa biyu, na sauka wurin wani kawuna da ya daɗe a can. Na kwana uku ina gwada jiki a tafkin Miribel-Jonage da ke bakin birnin, sannan ya ɗauke ni a motarsa zuwa Embrun. A hanya ya dubi keken da ke kwance a bayan mota, ya ce, "Ɗan nan, kai kaɗai ka san abin da kake nema. Amma tunda ka sa kai, Allah ya ba da sa'a." Na ce, "Amin, Kawu."

Ranar gasar na yi sallar asuba a bakin tafkin Embrun, muka faɗa ruwa wajen ƙarfe shida duhu bai gama washewa ba, muna bin fitilar wani kwalekwale. Iyo ya zo ya wuce. Na fito ina rawar sanyi, na cire rigar ruwa, na ɗaura hular kwano, na ja keke na haye. Daga nan ainihin yinin ya fara, domin fiye da rabin lokacin gasar a kan sirdi ake cinye shi.

Ana fita daga gari hawa ke tarar mutum. A nan na fara ganin jarrabawar farko, wadda ta zuciya ce. Jini na tafasa, jama'a na gefen hanya suna ta "Ale! Ale!", samari na wuce ka kamar an harbo su. Zuciya sai ta ce bi su. Amma wani dattijo da muka yi atisaye tare a Longchamp ya taɓa gaya mini cewa duk ƙarfin da ka ranta a awa biyun farko, da riba za ka biya shi bayan la'asar. Na sa giya mai sauƙi, na bar su suka tafi. Dokar gasar ma ba ta yarda ka laɓe a bayan wani ya tare maka iska ba. Dole ka bar tazara, alƙalai na zagayawa a kan babura. Saboda haka ko da mutum ɗari ke gabanka, kai kaɗai ne da numfashinka.

Jarrabawa ta biyu ta ciki ce. Abincin da jiki ke ajiyewa a tsoka don aiki mai ƙarfi ba ya wuce na awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Masana na ba da shawarar a riƙa cin giram 60 zuwa 90 na abinci mai sukari ko sitaci kowace awa. Wanda ya jira sai ya ji yunwa ya makara. Akwai wata irin yunwa da masu keke a Faransa ke kira "firingal", wadda ke zuwa farat ɗaya, ƙafa ta mutu, ido ya yi duhu. Abokan tsere na ta matsa wani kunun sukari na leda a baki. Ni dabino na cika aljihun rigata da shi, da dakuwar da matar Kawu ta daka mini, da ɗan gishiri a ƙulli. Duk minti ashirin in jefa ɗaya a baki in kora da ruwa, ko ina so ko ba na so.

Bayan garin Guillestre hanya ta shige wani matsattsen kwari, kogin Guil na ruri a ƙasa, dutse ya rufe sama. Daga nan aka fara hawan Izoard, mashigar dutse mai tsayin mita 2,360 daga doron teku, wadda gasar Tour de France ta sha ratsawa. Bayan ƙauyen Arvieux akwai wani miƙaƙƙen titi zuwa Brunissard wanda ido ke gani kamar ba tudu, amma ƙafa ta san gaskiya. Giyata ta ƙare, ba sauran mai sauƙi. Guduna bai fi na mai sassarfa ba. Zufa na zuba a kan ƙarfen keke, cinyoyi na zafi kamar an ɗora garwashi, bayan wuya ya ƙage. A nan na fara wuce wasu daga cikin samarin safe, wani na tura kekensa da hannu, wani na zaune a gindin itace ya sunkuyar da kai.

A cikin wannan hali ne Baba, Allah ya jiƙansa, ya faɗo mini a rai. Keken Phoenix gare shi, baƙi, mai birkin ƙarfe, giya ɗaya tak. Ranar kasuwa yakan ɗaure buhun gyaɗa a kariya, wani lokacin ya rataya kaji a kai, ya bi hanyar rairayi daga ƙauyenmu zuwa Maradi, ya dawo kafin magariba da gishiri da kananzir. Inda rairayi ya yi yawa ya sauka ya tura. In taya ta yi faci ya zauna a inuwar gawo ya cire tif ya liƙe da kansa. Ba agogon auna bugun zuciya, ba mai tafa masa, ba mai miƙa masa ruwa. Na dubi keken da nake kai, wanda ko da na hannu na saya nauyinsa bai kai rabin na Baba ba, na ga cewa abin da ake rataya wa mutum lambar yabo a kansa a nan, shi mahaifina ya yi shekara talatin yana yi don mu ci tuwo. Na ji kunyar duk ranar da na taɓa ɓuya don kada abokaina su ga ya ɗauko ni a kariya. Da wannan tunani na ci gaba da taka feda.

Kusa da ƙololuwa itatuwa suka ƙare, muka shiga wurin da ake kira Casse Déserte, fili na tsakuwa da tsirarun duwatsu masu launin ƙasa, inda aka kafa allunan tunawa da gwanayen keke biyu, Fausto Coppi da Louison Bobet. Ɗan Sahel ba ya baƙunta a irin wannan wuri. Na kai ƙololuwa wajen kilomita na 100, na cika gorunan ruwa, na sa rigar iska, na fuskanci gangara zuwa Briançon. Wanda bai sani ba zai ɗauka gangara hutu ce. A gaskiya nan ne ake iya rasa rai. Keke na zuba gudun da ya haura kilomita 60 a awa a kan taya mai faɗin yatsa biyu, zufar ɗazu ta koma sanyi, yatsu sun sandare a kan birki, kowace kwana sai ka karanta ta tun daga nesa. Bakina bai bar ambaton Allah ba har ƙasa.

Sauran hanyar ta fi Izoard cin rai, domin ba ta da suna kuma ba ta da ɗaukaka. Iska ta juyo tana bugun ƙirji, rana ta take, ga wani gajeren tudu mai tsananin miƙewa a Pallon. A wajen kilomita na 150 tayar baya ta yi faci. Na sauka, hannuwana na rawa, na cire tif na sa sabo na buga famfo, aikin da na koya tun ina yaro a gindin mai facin unguwarmu. Ba a yarda wani na waje ya taimake ka ba. Da na iso Embrun ina jin hayaniyar wurin sauka, sai hanya ta sake karkata sama zuwa tudun Chalvet, hawan ƙarshe. A nan na gane amfanin ƙarfin da na adana da safe. Na sauka daga keke bayan fiye da awa takwas, ƙafafuna kamar ba nawa ba, ga kilomita 42 na jira. Na gama su cikin dare, Kawu na tsaye a bakin layi yana share ido.

Darasin farko da na ɗauko shi ne tattali. Masu wannan wasa sun san cewa gwanin keke shi ne wanda ya sauka da sauran ƙafar gudu. Wannan hikima ba baƙuwarmu ba ce. Manomin da ke auna rumbu don hatsi ya kai shi kaka ya san ta. Fataken da suka riƙa kai kaya daga Kano zuwa Gwanja su dawo da goro sun san ta, shi ya sa suke da zango. Mu muka ce sannu ba ta hana zuwa. Juriyar da Turawa ke biyan kuɗi su gwada a duwatsu, tana nan birjik a jikin mai kai itace gari da keke, da mai tallan madara, da ɗalibin da ke taka kilomita goma zuwa makaranta. Abin da muka rasa shi ne ganin girman wannan juriya.

Da ba haka muke ba. Dattawa za su tuna lokacin da keken Raleigh ke cikin abin da ake nuna mai hali da shi. Malamin makaranta da ma'aikacin gona da ɗan kasuwa duk shi suke hawa, a goge shi, a yi masa ado da roba mai launi. Yara na tara kwabo su je wurin mai hayar keke su koya. Da babura masu araha suka cika kasuwa, acaba da kabu-kabu suka mamaye tituna, keke ya koma na wanda ba shi da yadda zai yi. A farkon shekarun 2000, da ministan sufuri na Najeriya Ojo Maduekwe ya yi kira a koma wa keke, har ya hau da kansa a Abuja, dariya aka yi masa. Sai da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023 mutane suka fara kakkaɓe ƙurar tsofaffin kekuna, su ma da sunkuyar da kai, kamar wanda aka kama da laifi.

A daidai wannan lokaci, waɗanda suka ƙera motocin da muke alfahari da su suna komawa keke. Birnin Lyon ya fara hayar kekuna ta gari mai suna Vélo'v a 2005, Paris ta biyo da Vélib' a 2007, wato dai hayar keken da muka sani tun da, an sa mata tsari. Likita da lauya na hawa zuwa ofis ba wanda ya waiwaye su. Idan aka ce wannan harkar Turawa ce, mu leƙa maƙwabta. Burkina Faso na gudanar da gasar Tour du Faso tun 1987, kuma a Wagadugu maza da mata na hawa keke ba abin magana ba ne. A 2024 Biniam Girmay na Eritiriya ya lashe zango uku a Tour de France, ya kuma tafi da koriyar rigar da ake bai wa wanda ya fi tara maki, abin da wani ɗan Afirka bai taɓa yi ba. A watan Satumban 2025 Kigali ta Ruwanda ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a nahiyarmu. Mu kuwa, a Olamfik ɗin Paris na 2024, 'yar tseren Najeriya Ese Ukpeseraye sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin fili, alhali akwai filin tseren keke a Abuja tun wasannin Afirka na 2003. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiya a wurare da dama. Tiriyatulon wasa ne mai tsada. Keken gasa na cin dubban Yuro, kuɗin rajista kaɗai ya isa cefanen wata. Ko a nan Faransa, lardin da Saint-Denis ke ciki na daga mafi talauci a ƙasar, kuma kusan rabin yaransa na shiga sakandare ba su iya iyo ba, duk da katafaren wurin ninƙaya na Olamfik da aka gina a garin. Ba ina kiran kowa ya sayi keken gasa ba. Za a kuma ce zafin rana ya yi yawa, titunanmu na cin rai, wasu hanyoyin ba su da tsaro. Duk haka ne. Amma zafi bai hana Baba ba, domin ya san ya yi sammako. Haɗarin titi kuwa aikin hannunmu ne: mun shimfiɗa hanyoyi da gadojin sama don mai mota kaɗai, muka bar mai keke da mai ƙafa su yi ta kansu. Abin da hannu ya ɓata, hannu ke gyarawa.

Ga kuma lafiya. Ciwon sukari da hawan jini sun shiga gidajenmu, har da na masu matsakaicin shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wanda ke zuwa kasuwa ko ofis da keke ya biya wannan bashi ba tare da ya ware lokaci ko ya sayi lita ɗaya ta fetur ba.

Saboda haka kirana ga gwamnatocin Kano da Katsina da Sakkwato da Kaduna, da mahukuntan Maradi da Damagaram, shi ne duk sabon titin da za a shimfiɗa a cikin gari a ware wa keke gefensa, a kuma hana masu mota da 'yan tireda cinye shi. Makarantu su sa tseren keke cikin wasannin shekara, da irin kekunan da yara ke da su. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018. Me zai hana masarautunmu, da suka iya shirya hawan Sallah, su ɗauki nauyin tsere daga gari zuwa gari a wannan rana, a bai wa mai kai itace da mai tallan madara damar nuna abin da ke ƙafarsu? Attajiran da ke zuba kuɗi a ƙwallon ƙafa su tuna da wannan fage. Malamai da manyan ma'aikata kuma su riƙa hawa ana gani, domin abin da babba ya yi shi yaro ke ɗauka da daraja.

Da na je gida bara, na tarar da keken Baba a jingine a zaure, taya ta sace, sarƙa ta yi tsatsa. Na kai shi wurin mai gyara, aka sa masa taya da tif da mai, na hau na zagaya gari. Inna na bakin ƙofa da na dawo. Ta daɗe tana kallon keken, sannan ta ce, "Da wannan aka biya kuɗin makarantarka."

Mai karatu, idan akwai irinsa a zauren gidanku, fito da shi ka gyara ka hau. Idan kuma ka ci karo da mai keke a titi kana cikin mota, rage gudu ka ba shi hanya, domin haƙƙinsa ne.